Gas ɗin da Ya Tsallaka Gidan Wendell

Wani ne a nan garinmu, can bayan rumbunan masara. Ba zan faɗi sunansa ba, don matarsa ce ke kawo kek ɗin tuffa coci, ni kuwa ba na wasa da cikina. Duk rayuwarsa inshora yake sayarwa, hannunsa bai san nauyin komai ba sai biro. Da ya yi ritaya sai ya kama kallon masu walda a wayarsa. Ya kalla, ya kalla, ya ce ai wannan ba wani abu ba ne, liƙa ƙarfe ne kawai.

Gogan naka ya je ya sayo injin walda, irin mai turo zaren ƙarfe ta bakin bindiga. Ya sayo hular walda mai rufe fuska, ya sayo safar hannu, ya sayo tebur, ya cika gareji maƙil. Motar matarsa Lorna ta koma kwana a waje. Ƙanƙara ta sauko ta yi mata ruwan duwatsu, har rufinta ya koma kamar kwanon da yara suka yi ganga da shi.

Lorna ta yi haƙuri har haƙurin ya ƙare. Ta jawo wani tsohon bencin ƙarfe na lambu mai karyayyiyar ƙafa, ta dire masa a gaba.

Ta ce, "Maigida, ga aiki. Ran Lahadi matan coci za su zo shan shayi a lambu. In bencin nan ya ɗauki mutum, gareji naka ne har abada. In bai ɗauka ba, inji ya fita, mota ta shiga."

Ya ce, "Wa zai zauna a kai?"

Ta ce, "Ni."

Ya dube ta sama da ƙasa. Kun dai san Lorna, Allah ya yi mata jiki, ba a magana. Ya ce, "An gama."

Ya rufa hula, ya danna bindiga. Fat-fat-fat, kamar ana gugguru. Ya ɗaga hula ya duba, sai ga ɗinkin waldar duk huji, kamar kashin kaji. Ya ɗan taɓa da yatsa, ƙafar benci ta faɗo masa a kan takalmi.

Sai ya ɗauki ƙafar ya nufi shagon Orval mai gas. Orval kuwa tun kafin a yi wa babban titi kwalta yake shagon nan, kuma ba wanda ya taɓa ganin haƙorinsa. Ya juya ƙarfen a hannu ya ce, "Ba ka sa gas ba."

"Gas na me? Ai da lantarki yake aiki."

"Irin injinka sai da gas. In ƙarfe ya narke, iska ba ta son ganinsa, sai ta shiga ta huhhuje shi. Gas ɗin ke fitowa ta bakin bindiga ya lulluɓe wurin har ya huce."

Ya mirgino masa wata sabuwar tukunya, doguwa, koriya shar, tana ƙyalli.

Mutumin ya ce, "Wane launi ne gas ɗin?"

"Ba shi da launi."

"Wari fa?"

"Ba shi da wari."

"Yana dai kama wuta ko?"

"Ba ya kamawa."

"Ba a gani, ba a ji, ba ya ci. To, yallaɓai, ta ina zan san ka sayar min da wani abu?"

Orval ya nuna masa agogon awon gas da ake ɗaurawa a kan tukunya. "Wannan zai gaya maka."

"Wa ke sayar da agogon?"

"Ni."

Mutumin ya daɗe yana kallonsa. Amma Lahadi na tafe, ba yadda zai yi. Ya saya. Suna ɗaure tukunyar a bayan a-kori-kura sai Orval ya ce, "Abu ɗaya. Kar ka bar shi yana zuba a rufaffen ɗaki. Ya fi iska nauyi, kwanciya yake yi a ƙasa. Mutum sai ya yi barcin da ba tashi."

To, duk bayanin da aka yi masa, wannan kaɗai ya shiga kunnensa. Yana isa gida ya ce shi ba zai mutu a gareji saboda benci ba. Ya kwaso inji, ya kwaso tukunya, ya kafa su a tsakiyar fili.

Kai Duane, da kai ma nake ba labarin nan, ajiye kofin nan ka ji. A tsakiyar fili fa na ce, a Nebraska, jihar nan tamu mai iska! Ranar kuwa iskar kudu ce ke kaɗawa, irin wadda in ka gaida mutum a nan sai a amsa maka can arewa a jihar Dakota. Gas yana leƙo kai daga bakin bindiga, iska na yin gaba da shi. Ɗinki ya fito da huji. Ya ƙara murɗa gas. Huji. Ya ƙara murɗawa har tiyo na huci kamar kububuwa. Huji dai, sai ma abin da ya ƙaru. Kafin la'asar hannun agogo ya kwanta, gas ya ƙare.

Washegari ya goge tukunyarsa tas da man goge mota, ya kai wa Orval a cika. Orval ya mirgina ta baya, ya mirgino wata. Wannan kuwa ta ga duniya. Fenti ya kwaile, wani ya rubuta sunan budurwarsa a jiki da ƙusa.

"Ina tawa?"

"Musaya ake yi. Ka kawo wofi, ka ɗau cikakkiya."

"Sabuwa fil na kawo maka!"

"Kowa da sabuwa ya fara. Abin da ke ciki ɗaya ne."

"Abin da ba a gani ɗin?"

"Shi."

Ran mutumin ya ɓaci sosai. Ya ce, "To, na jiya ma bai yi aiki ba. Na ɗauki tukunya guda na zuba wa benci a tsakiyar fili, ko gezau."

Orval ya ce, "A fili? Ai iska ce ta kwashe."

"Ta kai ina?"

"Inda ta nufa mana."

Mutumin ya tsaya cak. Jiya iska arewa ta nufa. Wa ke arewa da shi? Tsoho Wendell, maƙwabcinsa, wanda shinge kaɗai ya raba su. Bai ko yi sallama da Orval ba ya figi mota.

Ya leƙa ta kan shinge, sai ga Wendell a tsugune yana gyaran tirelar shanunsa. Ɗinkin waldarsa kuwa, kai, abin sha'awa! Sumul, a jere, ko huji ɗaya babu.

Ya ce, "Sannu da aiki, Baba Wendell. Yaushe ka yi wannan ɗinkin?"

"Jiya da rana."

"Jiya da rana. Hmm. Ya yi kyau. Ai dole ya yi kyau."

Wendell ya ɗaga hula ya ce, "Lafiya dai, maƙwabci?"

"Lafiya lau. Tambaya ɗaya zan yi maka, ka ji tsoron Allah. A ina kake sayen gas ɗinka?"

"Ni ba na sayen gas. Da sanda nake walda, ita sandar da kanta take..."

"Tsaya nan! Maimaita!"

"Na ce ban taɓa sayen gas ba."

Mutumin ya juya ya kwarma ihu. "Lorna! Fito ki zama shaida! Da bakinsa ya amsa!"

Lorna ta leƙo ta tagar kicin da ludayi a hannu. "Ya amsa me?"

"Bai taɓa sayen gas ba, amma dubi ɗinkinsa! Ni na sayi tukunya guda, dubi nawa! Ni ke shuka, shi ke girbi!"

Wendell ya ce, "Maƙwabci, ni ban ga wani gas ba."

"Ai ba a ganinsa! Shi ya sa ka samu dama!"

Lorna ta ce, "Lahadi dai tana nan tafe," ta rufe taga.

Gogan naka ya zauna ya yi nazari irin na masu inshora. Tunda gas tafiya yake yi, ai kuskure ne a sake shi a kan benci. Can baya za a sake shi, a tare shi a gaba. Ya cire tiyo daga jikin inji, ya ja tsohuwar tukunyar nan har ƙarshen fili ta kudu, ya ɗaure ta a jikin bishiya, ya buɗe. Sannan ya sheƙo a guje ya tsaya jikin shingen Wendell da benci, yana jiran gas ya iso.

Matsalar ita ce bai san saurinsa ba. Ya lashi yatsa ya ɗaga sama. Ya ce yanzu ya kai wajen igiyar shanya. Yanzu ya wuce ɗakin kare. Ya danna bindiga. Huji.

Ya ce ya makara, gas ya wuce. Ya ɗora inji da benci a baro, ya bi shi. Iska ta ɗan karkata gabas, ya karkata gabas. Ya ratsa ta cikin tumatir ɗin Lorna. Wayar wuta ta ƙare, ya koma ya jona wata. Karensu ya fito yana haushi, ya daka masa tsawa, "Rufe baki, kar ka shaƙe min!" Da ya ga abin zai sake tsallakawa, sai ya ciro zanen gadon Lorna daga igiya, ya hau shinge ya ware shi da hannu biyu, yana kora gas gida kamar mai korar kaji.

Mai kai wasiƙu ya tsaya a bakin hanya yana kallo. Ya ce da Wendell, "Me yake kamawa?"

Wendell ya ce, "Ban sani ba. Amma ya ce kar in yi numfashi ta wannan ɓangaren."

Tukunya ta biyu ma ta kwanta. Ran Asabar da rana Orval ya rufe shago ya tafi kamun kifi. Ga benci da ƙafa uku, ga Lahadi gobe. Na rantse muku har tausayi ya ba ni. Ya zauna a kan baro ya haɗa kai da gwiwa, yana kallon garejinsa kamar mai bankwana.

Lahadi da sassafe yana shan kofi, sai mai labarin yanayi a rediyo ya ce iska ta juya, yau daga arewa take busowa. Mutumin ya miƙe zumbur, kofi ya zube.

"Daga arewa! Lorna, daga gidan Wendell! Gas ɗina zai dawo gida!"

Ko coci bai je ba. Ya kafa benci jikin shinge, ya ware hannuwa yana cewa, "Sannu da zuwa, sannu da hanya." Tukunya biyu yake sa ran za su dawo, don haka bai yi rowa ba. Ya yi ta danna bindiga, ya tula wa ƙafar nan ƙarfe har ta yi ƙululu kamar gwiwar mai sanyin ƙashi. Hujin da ya gani ya ce na shan iska ne. Ya bi da baƙin fenti ya shafe.

Da yamma matan coci suka cika lambu, kowa da kofin shayinta. Wendell ya jingina da shinge yana kallo. Mutumin ya sa rigarsa mai kyau, ya tsaya gefen benci yana murmushi.

Ya ce, "Uwargida, ga wuri."

Lorna ta miƙa wa matar fasto farantin kek. Ta gyara riga, ta juya, ta zauna a hankali. Benci ya yi shiru. Mutumin ya buɗe baki zai yi magana, sai ji kake ƙaras! Ƙafa ta yi gabas, benci ya yi yamma, Lorna ta yi zaman 'yan bori a cikin furanni, takalmi ɗaya a sama.

Mata suka yi kanta suna "Wayyo, sannu!" Shi kuwa ko kallonta bai yi ba. Ya ɗauki ƙafar benci ya duba, ya nufi shinge yana huci.

"Wendell! Amana ke nan? Sabo fil na aika maka, ka gama amfani da shi ka mayar min da kwance! Kai da Orval duk bakinku ɗaya!"

Litinin da safe ya yi sammako shagon Orval kai ƙara. Da ya dawo ya ɗaga ƙofar gareji, sai ga motar Lorna a ciki, an wanke ta tas. Ba inji, ba tebur, ba hula. Ya ji wata ƙara mai daɗi daga arewa, shiiii, ba fat-fat ko ɗaya. Ya leƙa ta kan shinge. Ga Wendell a cikin rumfarsa inda iska ba ta shiga, da sabuwar hula a ka, da bindigar inji a hannu, ga tukunyar gas a gefe.

Ya ruga kicin. Lorna na zaune a kan matashi biyu tana ɓare wake.

"Lorna! Ina injina?"

Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Oho. Ni dai a fili na ajiye shi. Iska kuwa yau gidan Wendell ta nufa."