Mai Hatimi da Fatar Zomo

Laifin da zan yi magana a kai yau shi ne mutum ya duba takarda, ya bar mai rai a tsaye ko kallo bai yi masa ba. Wanda ya aikata ya ga sakamakonsa ranar Alhamis, ina tsaye.

Ni ban yi boko ba, amma shekara goma sha tara ina kiwon karnukan tsere na kafilina, wato maigidana Abdulghani, dogayen nan masu siririn ciki da ake ce wa saluƙi, a wani gandu bayan Jidda. Na san wanda ke ɗingishi tun kafin shi kansa ya sani.

Bana aka kafa wani kwamiti wai na jin ƙan karnuka. Madalla da manya! Muka roƙi rumfa, don rana na gasa musu tafin ƙafa. Muka roƙi likita. Sai aka aiko mana da kati. Kowane kare da katinsa, da hoto, da hatimi biyu. Maƙwabcina Na'ibi, da ya zo umra tun yana da baƙin gemu bai koma ba, ya juya katin a hannu ya ce, "Baba, ba za a ɗauke ni a layin karnukan ba? Ina iya gudu in na ga mota mai jiniya." Na ce ya yi mini shiru, hancinsa bai kai tsayin da doka ta ce ba.

Ranar Alhamis jami'in kwamitin, Mai Girma Sarkin Hatimi, ya zo duba lafiyarsu. Bai fito daga mota ba, wai kada yawun kare ya taɓa masa farar riga. Ta gilashi ya duba, na'urar sanyi na kaɗa masa ƙeya. Ya ɗaga katin Gazala, tsohuwar karyar da ta ci tsere bakwai ta haifi rabin gandun, ya ce, "Shekara tara? Halas, zance ya ƙare. Ba ta iya gudu. Asabar mota za ta zo ta ɗauke ta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a kai ta ina?"

Ya ce, "Wurin hutu."

Na san wurin hutun nan. Ba a taɓa dawo da ko igiyar wuya daga can ba. Na ce, "Ga ta nan a gabanka, ka dube ta mana." Ya ce ai ya duba, ga shi a rubuce.

Yana shirin tafiya sai ya hango fatar zomon da muke ɗaurawa a bayan mota karnuka su bi. Ya ce wannan zalunci ne ga zomo. Na ce zomon ya rasu tun kafin a kafa kwamiti, Inno matata ce ma ta dafa shi. Ya ce duk da haka zomon ba shi da kati. Ya fito, karo na farko, ya ƙwace fatar a matsayin shaida. Da yake ba ya son ta taɓa masa hannu, sai ya kama bakin igiyar yana jan ta a ƙasa zuwa mota.

Jama'a, kare goma sha huɗu da ba su san komai a duniya ba sai fatar zomo tana tafiya a kan yashi.

Na ce, "Saki igiyar!" Ya ce shaida ce. Na ce, "To yalla, gudu!" Wannan kam ya ji. Wallahi da yana da kati da na ba shi lamba ta biyu. Ta ɗaya kuwa Gazala ce. Ta bar jikokinta a baya, ta cim masa kafin ya kai mota, ta ɗauke shaidar da ƙasan rigar gaba ɗaya.

Abdulghani, da ya iso ana tsakiyar abin, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ya karɓi takardar da ta ce Gazala ba ta iya gudu, ya ce a manna a ƙofar ɗakinta, kuma duk motar da ta zo Asabar a sakar wa direbanta fatar zomon.

Ga abin da Mai Girma ya rasa: takalmi ƙafa ɗaya, rawani, rabin riga, da hatimin da ya nutse a yashi. Ga wanki bakwai na yawun kare da ke jiransa a gida. Rumfa dai har yau shiru, Gazala na kwance a inuwar takardarta.