Batirin Alu Bai Mutu Rago Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma da kai a ɗage, Malam Alu na Karofi yake sanar da 'yan'uwa, abokan arziki, dillalan shanu na Dutsin-Ma da Kurfi, har da waɗanda suka daɗe suna jiran wannan labari, rasuwar batirin babur ɗinsa. Marigayin ya cika da hantsin Laraba a gindin tsamiyar Hudu bakanike, bayan doguwar jinya da ya yi a bakin aiki. Masu murna su ɗan dakata, sanarwar tana da tsawo kuma akwai rabonsu a ciki.

Marigayin ya iso ƙasar nan a cikin babur, shekarar da ta biyo bayan samun 'yancin kai. Baƙi ne, gajere, mai nauyin da ya fi girmansa. Bijimai aka fitar daga garken gidan aka sayo su tare, domin Alu ya riƙa zagaya kasuwanni yana jiyo yadda shanu ke tashi kafin a koro na gida, ya kuma ɗauko magani idan ciwo ya shiga ruga. Baffa Mahmuda, wan mahaifin Alu, wanda garken ke hannunsa, bai taɓa mance waɗannan bijimai ba. Ranar da aka shigo da babur ya faɗi tasa a gaban kowa.

"Ƙarhen nan bai kiwo, bai haihuwa. Ran da ya kwanta, a sai da shi a maido mani shanuna."

To, irin wannan babur ba ya tashi sai da batir. Kowa ke nan ya gane abin da mutuwar nan ke shirin ja wa Alu.

A zamanin ƙuruciyarsa marigayin ba ya jiran a roƙe shi. Taku ɗaya, inji ya ɗauka. Idan aka danna masa hon sai ya ce "Pim-pim!" da murya tas, zabin Wurma su watse cikin dawa, masu tallar nono su ja gefe suna dariya. Ya ratsa yashin rafi da rani, ya sha taɓo da damina. Bai taɓa neman komai ba sai ɗan ruwan sama da ake tara masa a kwalba mai tsabta. Alu ya so shi, so na gaske, kuma ba ya jin kunyar a faɗa.

A wajen mutanen nan kuwa, abin da ake so ba a barinsa tsirara. Wuƙa tana da kube, sanda tana da ɗauri, to ina dalilin barin batir haka kamar maraya? Sai Alu ya kira Lado baduku. Lado ya zauna ya yi aikin da har yau ba a yi kamarsa ba a Karofi. Ya ɗinka wa marigayin riga ta jar fatar akuya mai tuntaye kore. Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya ya naɗe su ƙam kamar marikin bulala. Da ya zo inda wayar batir ke cizon jikin babur, ya ga ƙarfe na gugar ƙarfe, abin ya ba shi tausayi. Ya yanko 'yar fata ya sa a tsakani, yadda ake sa wa jaki akumari kada kaya su ci masa baya. Gari ya fito kallo. Babu wanda ya ga aibu, har Baffa Mahmuda sai da ya zagaya babur ɗin ya ce yanzu ya fara kama da kayan mutane. A riƙe wannan da kyau, domin yau kowa ya zama malami.

Ciwon bai zo da gaggawa ba. Da farko murya ce ta dushe, "Pim-pim" ya koma "Mee," kamar ɗan akuya mai mura. Fitila ta yi ja. Allurar nan ta kan fitila, mai nuna ko wuta na shiga batir, ta daina ɗagawa sai ɗan kaɗan. Daga nan aka shiga turi. Alu, mutum mai gemu da iyali, ya zama abin kallo a bakin kasuwar Kurfi, yana gudu da babur a hannu, babbar riga na harɗe masa ƙafa. Masu zaman rumfa suka samu abin yi.

"Malam Alu, ragon naka ya sake barci? A kawo tabarma?"

Ya ci gaba da turi, amma abin ya ci masa rai matuƙa. An yi magani bakin gwargwado. An ce baki ne, aka rataya laya. An ce sanyi ne, aka shanya marigayin a rana. Aka sake ce masa ai kayan Turawa haka suke, ba su da jimiri. Duk wannan lokaci marigayin yana ba da ɗan abin da ke cikinsa, bai taɓa ƙin amsawa gaba ɗaya ba.

Akuyar Kulu, matar Alu, ita ta gano cutar, kuma iyalan marigayin suna miƙa mata godiya duk da ba don Allah ta yi ba. Ta samu babur a inuwa ta cinye tuntayen, ta bi fatar tana ja har ta tone wayoyin. Abin da Alu ya gani ya sa shi zama a ƙasa. Fata ta sha ruwan damina ta riƙe. Wayar, wadda dama siririya ce kamar tsinken tsintsiya, ta yi kore shar, rabin silinta sun tsittsinke. Ya tura babur har Dutsin-Ma. Hudu ya kwance kusar da ta ɗaure waya a jikin babur, ya ciro 'yar fatar Lado da ta zama baƙa, ya ɗaga ta sama.

"Malam Alu, dainamo na dahwa mashi abinci kullum. Hanya ce ta toshe. Da mi zai ƙoshi?"

Saboda haka a ji, a kuma kai wa na rumfa: marigayin ba rago ba ne. Yunwa ce ta kashe shi, cikin kwalliya, yana aiki. Wanda a cikinku ya taɓa yin noman damina da cokali ɗaya na kunu a ciki, shi kaɗai ke da bakin magana.

An yi abin da ya kamata, ko da an makara. Hudu ya farke sauran fatar ya zubar. Ya zaro waya mai kauri ta jan ƙarfe daga wata matacciyar lori, ya ja ta gajeriya daga dainamo zuwa batir. Ya kankare jikin babur har ya yi ƙyalli, ya ɗaure ƙarfe da ƙarfe babu komai a tsakani. Da aka tura inji ya tashi, allurar ta miƙe ta kwanta dama, inda Alu ya manta tana iya kaiwa. Marigayin ya ci ya ƙoshi. Alu ya danna hon, sai ya ce "Piiim!" da muryarsa ta dā, har masu awon gero suka waiwayo. Wannan ce maganarsa ta ƙarshe. Cikinsa ya riga ya lalace, ba ya riƙe abin da aka ba shi. Washegari aka taɓa shi, shiru. Alu ya yi kuka, kuma ya ce a sa a sanarwa cewa ya yi.

Marigayin ya bar babur ɗaya cikin ƙoshin lafiya, da fitila, da hon, da dainamo wanda aka daɗe ana zargi ba da hakkinsa ba. Ya kuma bar sababbin wayoyi, waɗanda suka tare jiya-jiya suka wayi gari cikin takaba.

Cikin masu ta'aziyya na farko har da Baffa Mahmuda. Ya zo da wani baƙo mai hular dara, wanda tun kafin a shafa fatiha yake latsa tayar babur da yatsa.

"Alu, sai haƙuri. Magana dai ta cika. Ga mai saye na kawo."

Alu ya durƙusa yadda ya saba, bai ɗaga murya ba.

"Baffa, Allah shi ƙara girma. Babur bai kwanta ba, yanzu ma ya warke. Garkenka kuwa ko gashin wutsiya ba ni taɓawa. Tawa zan kai kasuwa in sayo wani batir."

Baffa ya san wadda ake nufi. Alu yana da jar karsana guda ɗaya tak da babu mai iko da ita sai shi. Jikar saniyar da mahaifiyarsa, Allah ya ji ƙanta, ta ba shi ranar suna ce, kuma ita kaɗai ta rage a wannan zuriya. Da hannunsa ya ciro ta daga cikin uwarta. Idan ya yi fito daga bakin rafi, ita ke fara ɗago kai.

"Saniyar uwarka za ka ba da don ƙarhe?"

"Ita, Baffa."

Ga tsarin jana'iza. Za a tashi daga Karofi, inda aka dawo da gawar, da sassafe ranar kasuwar Dutsin-Ma. Za a ɗora marigayin a kan jaki, a lulluɓe shi da abin da akuya ta rage na rigarsa. Hudu zai cire darmar cikinsa, sauran a binne a bayan dutse, nesa da rijiya da wurin kiwo, domin ruwan cikinsa yana ƙuna. Ba za a yi zaman makoki ba, magajinsa yana tafe a motar Katsina kuma akwai aiki a gaba. Mai saye ya huta da zuwa. Masu rumfa suna iya halarta, amma su zo da bakinsu a rufe.

Daga makabarta za a wuce kara, inda ake cinikin shanu. Malam Alu zai tafi a ƙasa, karsanar na biye da shi. Ana roƙon jama'a kada wani ya karɓar masa igiya da sunan taimako, shi zai kai ta da hannunsa. Idan ciniki ya faɗa ta juyo tana nemansa, kowa ya dubi gabansa. Igiyar ba ta cikin ciniki, da ita zai koma gida.