Gershon Ya Kwantar Da Mota

"Kafin wata ya mutu," in ji Gershon, "motar nan za ta kwanta a kan kwalta yadda ko takarda sai ta nemi izini kafin ta wuce ta ƙarƙashinta. In na sha kwana a randabawul, kofin shayi na kan dashbod ko motsi ba zai yi ba. Duk Kafanchan babu wanda ya san ƙafar mota kamar ni."

A shagon askin Asher ya yi wannan cika baki, yana kaɗa makulli a yatsa, rabin kansa a aske, rabi na jiran layi.

Abokina, bari in gabatar maka da mutumin. Gershon yana da shagon buga takardu a bakin kasuwa, amma in kana son ya amsa gaisuwarka da fara'a sai ka kira shi Injiniya. Injin da ya taɓa buɗewa a rayuwarsa shi ne na fotokwafi, shi ma sai da aka kira wani ya zo ya rufe. Motar kuwa ja ce, mai ƙofa biyu, irin ta tsere, wadda ta gama ƙuruciyarta a ƙasar Turawa kafin ta zo yin ritaya a hannunsa.

"Koyiloba zan sa mata," ya ce.

"Mene ne kuma koyiloba, Oga Injiniya?" in ji Asher, wanda ya san cewa mai yawan magana shi ne mai yawan dawowa aski.

"Shokozoba ne wanda ya yi makaranta. Sifirin yana jikinsa, ga zare kamar na noti. Ka murɗa, mota ta sauka, ka murɗa, ta tashi. A samansa akwai ɗan maɓalli, ka sa ta yi laushi ko ta yi tauri. Ba abin talakawa ba ne, shi ya sa ba ka taɓa ji ba."

Ya zaro waya ya nuna. Iri uku ne ake talla. Na farko kuɗinsa ya kusa kamo na motar, sai Gershon ya ce wannan na matsorata ne masu sayen suna. Na biyu mai matsakaicin kuɗi ne, an rubuta sunan irin motarsa ɓaro-ɓaro a jikin kwalin, amma baƙi ne, shi kuwa ya ce wa zai ga baƙin ƙarfe a ƙarƙashin mota? Na uku ba shi da suna, ba shi da ƙasar haihuwa, amma ruwan gwal ne mai ɗaukar ido, kuma ana ba da sitika da hula kyauta. Mai sayarwa ya rubuta cewa yana shiga kowace mota. Hausawa sun ce araha ba ta ado, to wannan ta yi ado har ya yi mata yawa, aiki ne dai ba ta yi alkawari ba. Kafin Asher ya gama rabin kan da ya rage, Injiniya ya riga ya biya.

Kada ka ɗauka wasa ne kawai ke gaban mutumin nan. Akwai Lucia, malamar firamare, wadda yake so kamar ransa, kuma wannan kam ba cika baki ba ne. Sai dai a gidansu Lucia ba a yanka ko kaza sai yayar babanta, Mama Afiniki ta Madakiya, ta gyaɗa kai. Sau ɗaya ta ga Gershon, ta ce yaron nan bakinsa ya girme shi. Maganar aure ta tsaya cak.

Lucia ce ta samo dabara. Ta same shi a shago ta ce, "Ranar Asabar akwai taron zumuntar mata a cocinmu. Ƙungiyar Mama ne za su buɗe da waƙa, kuma ita ce mai bayarwa. Na gaya mata za ka ɗauko ta. Ka kawo ta a kan lokaci, shi ke nan abin da na roƙe ka. Kada ka yi mata lacca."

"Kafin ta gama ɗaura ɗankwali mun iso," in ji Gershon.

"Ka fara ke nan," in ji Lucia.

Da kwali ya iso a motar haya, sai Gershon ya ce babu bakaniken da zai taɓa masa kaya, da kansa zai ɗaura, ga bidiyo a waya. Nan aka gano cewa kayan da ke shiga kowace mota bai shiga tasa ba, domin ramukan noti suna kallon gabas, na motar suna kallon kudu. Ya kira mai walda ya faɗaɗa ramukan har suka daidaita don dole. Sannan ya ɗauki ɗan sifanan da ya zo cikin kwalin ya murɗe zaren har ƙarshe, ya juya maɓallin zuwa tauri na ƙin ƙarawa, ya ce haka 'yan tsere ke yi. Da ya sauke motar, sai ta zauna daram a kan jak. Jak ya ƙi fita. Sai da aka tara masu dako suka cicciɓi motar, aka zaro shi kamar ƙaya.

"Kun gani?" ya ce yana share gumi da hular kyauta. "Ko jak ba ya son rabuwa da ita."

Ranar Asabar ya kama hanyar Madakiya shi kaɗai, kuma gaskiya a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta motar ta yi kyan gani. Matsalar ita ce tuddan nan da ake ginawa a titi don rage gudu, waɗanda mutanen gari ke kira bomp. Duk inda yara ke tsallaka titi a yankin nan sai jama'a sun gina nasu, kuma ba sa rowar siminti. Gershon ya riƙa hawansu a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, cikin motar yana ƙara kamar ana kankare tukunya. Hanyar ƙasa da ta shiga gidan Mama kuwa ko gwadawa bai yi ba. Ya tsaya a bakin titi ya buga waya.

Can sai ga Mama Afiniki ta fito cikin anko na zumunta, rungume da tulun kiɗa, irin na yumɓun nan da ake bugawa da tafin hannu. Ba ita kaɗai ba ce. A ƙauye ba a tafiya da kujera babu kowa, saboda haka ta gayyato Mama Miriyam da wata ƙawarsu, kuma duk cikinsu babu wadda Ubangiji ya rage wa jiki.

"Sannu Mama, ina kwana," ya ce, ya rusuna.

"Lafiya, ɗana. Motarka ba shi da lafiya ne? Na ga ya kwanta."

"Haka ake yayi, Mama. Ana kiransa..." Sai ya tuna da gargaɗin Lucia, ya haɗiye sauran.

"Ina ƙofar baya?" in ji Mama Miriyam, tana zagaya motar.

Ya kwantar da kujerar gaba, ya nuna musu ɗan lungun da za su bi. Shigar mata biyun nan kujerar baya kuwa aiki ne da ya ci addu'a da nishi. Da Mama Afiniki ta zauna a gaba da tulunta a cinya, motar ta yi wata ajiyar zuciya, tayoyin suka shige cikin jikinta suka ɓuya.

Aka ɗauki hanya. Matan suka ce bari su ɗan gwada waƙarsu. To, mota mai tauri ba ta ɓoye maka komai, ko tsakuwa ta taka sai ta aiko maka da labari ta ƙashin baya. Haleluyar Mama ta riƙa fitowa gutsi-gutsi kamar mai shaƙuwa, tulun yana tsalle yana buga kansa da kansa. Suka haƙura da waƙa, kowacce ta riƙe abin da ta samu.

A bomp na farko motar ta dangana hancinta ta tsaya.

"Mama, don Allah ku ɗan sauka, in na haye sai ku shiga."

Suka sauka: a buɗe ƙofa, Mama ta fito da tulu, a kwantar da kujera, a jawo Mama Miriyam, a jawo ƙawarta. Suka taka suka tsallake tudun da ƙafa, shi kuma ya lallaɓa ya haye, aka sake cusa su. Ba su gama gyara zama ba sai ga wani bomp. Haka aka yi ta yi, sauka, taka, shiga, har 'yan acaɓa suka fara rage gudu suna kallo. Wani ma ya tambaya ko sabon salon wa'azi ne.

"Ɗana," in ji Mama Miriyam daga baya, "mu ne muke raka motan nan, ko shi ne yake kai mu?"

Gershon ya saci kallon fuskar Mama Afiniki. Tsoro ya kama shi na gaske, ya ga Lucia tana suɓuce masa a kan titi da rana tsaka. Amma mai hali ba ya fasa halinsa.

"Wannan ƙaramin abu ne. Amfanin koyiloba ke nan, yanzu zan ɗaga ta."

Ya kwanta a ƙasa da farar rigarsa, ya zura hannu da ɗan sifanan nan. Babu jak, don ya bar shi a gida ya huta, nauyin motar duk yana kan zaren. Ya murɗa, ya ƙi. Ya sa dutse ya buga. Zaren gwal ɗin, wanda ashe fenti ne a kan ƙarfe mai laushin sabulu, ya suɓuce gaba ɗaya, gefen direba ya faɗi ƙasa tim. Motar ta karkace kamar mai ciwon haƙori.

"An gyara?" in ji Mama Afiniki.

"An... an daidaita ta, Mama."

A haka suka ja jiki har bakin gari, inda ake iya hango rufin cocin, ana kuma jiyo gangunan wasu ƙungiyoyi suna ɗumama hannu. Nan ne babban bomp yake, uban duka, wanda aka gina bayan wata tirela ta taɓa kwasar rumfunan masu lemo. Gershon ya dubi agogo, ya dubi Mama, ya yanke shawara irin tasa.

"Ba sai kun sauka ba. Gudu ne maganinsa."

Ya taka mai. Hancin motar ya haye, salansa, wato bututun hayaƙi, ta ce ga garinku ta tsaya a baya, ƙasan motar ya dafe a kan tudun. Tayoyin gaba suna juyawa a iska, na baya suna lilo. In Mama Miriyam ta motsa sai motar ta rusuna baya, in Mama Afiniki ta yi numfashi sai ta rusuna gaba. Motoci suka yi layi, hon ya cika gari, masu lemo suka bar rumfunansu suka zo ba da shawara.

Mama Afiniki ta buɗe ƙofa a hankali, ta sauko, ta duba tulunta ta ga bai fashe ba, ta ce yabo ga Ubangiji. Ta taimaka aka zaro ƙawayenta. Kowacce ta gyara ɗaurin zane.

"Mama, ku ɗan jira, yanzu za a ɗaga ta," in ji Gershon ta taga, yana lilo sama da ƙasa.

"Ka yi haƙuri, ɗana. Yau sauri muke yi, za mu tafi da ƙafa."

Ta ɗora tulun a ka, suka kama hanya. Gershon ya ga abin da ya fi salansa muhimmanci yana tafiya, sai ya manta da taron jama'a, ya leƙo har ƙirji.

"Mama, to maganar Lucia fa?"

Tsohuwar ta juyo, ta dube shi, ta dubi motar da ke reto a kan tudu, masu lemo duk sun kasa kunne.

"Ka zo gida mu yi maganan," ta ce. "Amma ka taho da ƙafa, don ka iso kafin yarinyan ta tsufa."