Kunama Ɗaya ko Biyu: Yadda Ake Zama Jikan Maharbi Cikin Mako Guda

Tun da wuri ina gargaɗinka: kafin ka gama mataki na biyar, wani zai kwanta rigingine a kan ciyawa. Wannan ba kuskure ba ne, yana cikin darasin. Amma na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan daki-daki, iyayen saurayin 'yarka ba za su taɓa mantawa da kai ba. An gwada su bana, 2006, a kan wani bawan Allah, Malam Younoussa, mutumin Maraɗi, mai tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito a nan Greensboro ta Amurka. Na san shi sosai. Lambar takalminmu ma ɗaya.

Mataki na 1: Samo wa kanka kaka

A ce 'yarka Djamila, mai karatun nas, ta daidaita da Muhammad Awwal, ɗan Alhaji Husaini, likita Bakano mai gida da dawakai a Summerfield. A ce har yanzu manyansu ba su zo neman aure ba, kai kuma ka sha jin cewa irin waɗannan gidaje sai sun bi sana'ar mutum har kakanni kafin su aiko. Kakanka baduku ne. Ubanka ma haka.

To, a wajen cin abincin suna, da Alhaji ya fara hirar tsofaffin bindigoginsa masu baki biyu, kada ka yi shiru kamar mai hankali. Ajiye cokali ka ce, "Ai mu gidan maharba ne. Kakana da bindiga ya tsufa."

Ba ƙarya ce zalla ba. Kakan naka shi yake ɗinka wa maharban jaka.

Alhaji ya ce da Younoussa, "Alhamdulillahi, na samu abokin harbi! Malam, ranar Asabar ina jiranka."

Mataki na 2: Nemi ilimi a laburare

Kana da kwana shida. Je ka zauna gaban kwamfuta bayan tashi daga aiki. Za ka koyi cewa ɗan ƙarfen da ake ja da yatsa sunansa kunama, kuma Turawa sun fi shekara ɗari suna faɗa a kansa. Masu kunama biyu sun ce ta gaba tana tayar da bakin dama, ta baya bakin hagu, kai ke zaɓa, kuma ba ta cika lalacewa ba. Masu kunama ɗaya sun ce ja sau biyu ya fi sauƙi, ko da safar hannu a lokacin sanyi. Masu biyu suka ce tsohuwar kunama ɗaya takan maƙale a ranar da aka fi bukatarta.

Haddace duka. Abu guda ne babu wanda ya rubuta, wato yatsa nawa ake sakawa. Masana ba sa rubuta abin da suke zaton kowa ya sani.

Mataki na 3: Kada ka saurari mutanen gida

Saadatou, matar Younoussa, ta tarar da shi a falo yana saita labule da tsintsiyar mofa.

Ta ce, "Baban Djamila, kai da ragon layya ma sai an kira maƙwabcinmu Moutari ya yanka maka?"

Ya ce, "Bon, yanka daban, harbi daban."

Djamila ta leƙo daga kicin. "Daddy, please. Kawai ka faɗa masa gaskiya. Awwal bai damu ba."

"Awwal ne zai aiko manya, ko ubansa?"

Ta koma cikin kicin. Ka lura, in yarinya ta kauce wa irin wannan tambaya, ita ma tana jin tsoro. Sai ka ƙara riƙe mofa da kyau.

Mataki na 4: Zaɓi ɓangare da ƙarfin murya

Ranar Asabar Alhaji zai kai ka bayan gida, inda ya kafa injin da ke cilla faifan yumɓu sama don a harbe shi. Zai buɗe wata tsohuwar jakar fata, ya fito da bindigogi biyu, ya shimfiɗa su a tebur kamar jarirai.

"Malam, kunama ɗaya ko biyu?"

Nan ne wurin da mai rabon zaman lafiya yake cewa ɗaya. Kai ka ce, "Biyu mana, Alhaji. Ɗaya ai ta masu koyo ce."

Alhaji ya yi dariya ya ce shi ɗaya yake so, saboda yatsunsa sun fara tsufa. Wato ka kira uban saurayin 'yarka ɗan koyo a gaban dawakansa. Kada ka tsaya, ci gaba. In ya ce bari ya nuna maka riƙonta, ɗaga hannu ka ce, "Haba Alhaji, ni?"

Mataki na 5: Yi lissafi

Kunama biyu. Allah ya ba ka yatsu. Kowane mai aikin sito ya san in madanni biyu ne, ba a barin ɗaya babu mai tsaro. Younoussa ya ɗora manuni a ta gaba, ya ɗora na tsakiya a ta baya, ya yi bisimilla, ya ce da Alhaji, "Saki faifan!"

Ga abin da laburare bai faɗa ba. Yatsa ɗaya ake amfani da shi, a ja ta gaba, a zame a ja ta baya. In biyu ka saka, bugun harbin farko zai girgiza hannunka, yatsa na biyu ya ja tasa ba da izininka ba. Baki biyu su tashi tare.

Faifan ya wuce lafiya lau, ya sauka can kusa da shinge ko tsagewa bai yi ba. Younoussa shi ma ya sauka. Hularsa ce ta riga shi.

Mataki na 6: Kwanta, kada ka yi saurin tashi

Sararin Summerfield yana da kyau daga ƙasa. Alhaji ya fara karɓe bindigar ya buɗe ta, sannan ya durƙusa yana lalubar kafaɗar Younoussa.

"Ba karaya. Malam, kakan naka da yatsa biyu yake harbi?"

Mutumin da ke kwance ba shi da sauran inda zai faɗa. Younoussa ya ce, "Alhaji, kakana bai taɓa harbin ko kurciya ba. Baduku ne. Ubana ma. Na ji tsoro ne kada a ƙi yarinyar saboda ni."

Alhaji ya miƙe tsaye. Ya tashe shi, ya kakkaɓe masa riga, ya shiga mayar da bindigogi cikin jaka. Nan ne bakin Younoussa ya sake kubce masa.

"Wa ya yi maka wannan ɗinkin? Zaren roba a kan fata irin wannan? Shi ke yanka ta. Kafin shekara hannun zai cire."

Alhaji ya dube shi, ya dubi jakar. Ya ce wani shago ne a gari, kuma sau biyu ke nan ana gyara ta. Ya sake fito da bindigogin, ya miƙa masa jakar babu komai ciki.

"Tafi da ita, Malam. Sai mun zo karɓa."

Sanarwa

Mai wannan darasi ba ya ɗaukar alhakin kafaɗa, ko hula, ko dariyar da matarka za ta yi har ta zauna a ƙasan kicin. Wanda ya saka yatsa biyu, shi da kafaɗarsa.

Younoussa ya gama ɗinkin cikin kwana uku, da basillar ubansa, da hannu mai ciwo. Ɗinkin ya yi kyau, wannan kam na shaida. Yau kwana tara jakar tana kan talabijin. Djamila ta ce "mun" yana nufin manya za su zo da goro. Saadatou ta goge kujeru sau biyu. Abin da har yanzu babu wanda ya sani a gidan shi ne, ko suruki aka ba wa jakar nan, ko baduku.