Lalle a Hannu, Kwamfuta a Kulle

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwar maigidana a Auna ba, don ranar ce na so a ce ƙasa ta tsage na shige da lallena da komai.

Ina da ɗan shagon buga takardu a Kontagora, ni da ma'aikaciyata Ladi. Katin biki, fotokofi, takardun jarrabawar makarantu, duk muna yi. Wata rana wani ya kawo filas ɗinsa muka soka a kwamfuta, bairos ya cinye mana aikin mutane tas. Na yi kuka, na share hawaye, na rantse ba za a sake ba. Daga nan na zama soja. Na hana filas, na hana Ladi taɓa intanet, na kulle kwamfutar da kalmar sirri wadda ni kaɗai na sani. Ko sallah na shiga sai kwastoma ya jira na sallame. Ladi ta sha cewa, "Anti, aiki yana tsayawa fa." Ni kuwa sai na gyara ɗankwali na fara mata lacca a kan 'yan damfara (waɗanda, in gaskiya za a bi, a waya na ji labarin yawancinsu).

Kalmar sirrin kuwa, a ganina na yi basira. Na ce me bakina ba zai taɓa furtawa ba ko da suɓutar baki? Sunan maigida. Tun da aka yi aurenmu ban taɓa kama sunansa ba, Abban Hanifa nake ce masa. Sai na ɗauki sunansa na yanka, na haɗa da wata 'yar kalmar soyayya, na sa lamba a ƙarshe. Ke duniya, har yaba wa kaina na yi.

Ranar ƙunshin amarya akwai takardun jarrabawar wata makaranta da za a karɓa da yamma. Shugaban makarantar shi ne babban kwastomanmu, kuma ni na ba shi tabbacin sirrin takardunsa ba zai fita ba, ba kuma za su makara ba. Na buɗe wa Ladi kwamfuta da safe, na gargaɗe ta kada ta kuskura ta kashe, na hau mota sai Auna. Abin da ban sa a lissafina ba shi ne wutar lantarki.

Ina zaune a tsakar gidan surukaina, an zana mini lalle hannu da ƙafa, ɗanye shakaf, na baje yatsu kamar kazar da aka gasa, sai wayata ta ɗauki ƙara. Hajiya, mahaifiyar maigidana, tana gefena a kan tabarma. Ita ta ciro wayar, wata jikarta ta danna mata sifika, ta riƙe mini a saitin baki. Mata sun fi a ƙirga.

"Anti, wuta ya ɗauke, kwamfuta ya mutu," in ji Ladi da irin Hausarta. "Na tada janareto, yana tambaya kalman sirri. Ga Malam a tsaye."

Sai ga muryar shugaban makarantar: "Gobe da safe fa yara za su zauna jarrabawa. In ba zai yiwu ba, a faɗa mini na nemi wani shagon tun da rana."

Na dubi hannuna, ba halin rubuta saƙo. Na dubi ƙafata, ba halin tashi. Na ce ko a cire sifikar a kara mini a kunne, sai mai lallen ta daka mini tsawa kada na motsa na ɓata mata aiki. Ko an kara ɗin ma, ai da baki zan faɗa. Na yi tunanin cewa na manta, amma na tuna yadda na sha wuya kafin na samu makarantar nan. A raina na ce wallahi aikin nan ba zai bar shagona ba.

Na sunkuyar da kai, na yi ƙasa da murya na faɗa.

"Anti, ban ji ba, sabis yana yankewa!"

Na ɗan ƙara murya. Ladi ta ce janareto ya cika mata kunne. Tsakar gidan ya fara yin tsit. Na rufe ido, na ja numfashi, na buɗe maƙogwaro:

"Haruna zumar raina, sai ki sa bakwai!"

"Haruna me?"

"Zumar raina!"

Wata gwaggo ta rangaɗa guɗa. Amarya ta kife a kan cinyar ƙawarta tana dariya har da hawaye. Daga cikin wayar na ji Malam yana tarin da ba na mura ba, sannan firinta ta fara aiki. Ni kuwa ko hannun da zan rufe fuska ba ni da shi.

Hajiya ta ajiye wayar a hankali. Haruna ɗan farinta ne, Babangida take ce masa. Ta dube ni ta ce, "Ni da na haife shi ban taɓa kama sunan nan ba. To, Allah ya bar zuma." Aka sake fashewa.

Takardu dai sun fita a kan lokaci, makarantar kuma har yau tamu ce. Washegarin dawowata na zauna da Ladi muka gyara tsari. Ban sassauta ba, filas sai dai a wata tsohuwar kwamfuta da muka ware masa. Amma na buɗe mata nata shafin da tata kalmar sirrin, don na gane kullen da ke hana mai aiki aiki ba tsaro ba ne, taurin kaina ne kawai. Tawa kuma na canza ta zuwa haruffan da ba su da dangi da kowa.

Sai dai abin da ya fita a sifika ba ya canzuwa. Duk ranar da na je Auna, tun daga zaure ake shelar, "A shimfiɗa tabarma, ga Zumar Raina ta iso." Yanzu in zan zaɓi kalmar sirri, tambaya ɗaya nake wa kaina: zan iya faɗinta da ƙarfi a gaban Hajiya?