Ta'aziyyar Zalɓe, Mai Lallashin Noti

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannaye masu cike da baƙin mai, nake sanar da direbobin manyan motoci, da makanikai, da masu walda, da duk wanda noti ya taɓa sa shi zufa, rasuwar butar maina, wadda aka fi sani da Zalɓe saboda tsawon wuyanta. Ta rasu da hantsi a kan bencin garejinmu, a gaban jama'a, bayan gajeruwar rashin lafiyar da ba ita ta nemo wa kanta ba.

Ga wanda bai san ta ba, 'yar buta ce ta ƙarfe da ba ta wuce cikin tafin hannu ba, mai siririn baki da ya ɗan karkace a ƙarshe. Na gaje ta daga maigidan da ya koya mini aiki, shi ma bai san wanda ya ƙera ta ba. Akwai wani rubutu a gindinta da na yi shekaru ina son karantawa. Karatuna bai yi nisa ba, amma na tabbata harafin farko hoton kifi ne, don haka na daɗe ina zaton a jirgin ruwa ta fara aiki kafin ta sauko tudu.

Marigayiya ba mai yawan magana ba ce. Idan na danna gindinta da babban yatsa sai ta ce "ƙwal", ta saki ɗigo ɗaya. Idan notin mai taurin kai ne sai ta ce "ƙwal, ƙwal", ta bar man ya yi aikinsa. Ta shiga lungun da hannu ba ya shiga: bayan sifirin da ke ɗauke da nauyin mota, ƙarƙashin salansa, tsakanin tayoyin baya inda laka ke zama dutse. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba, ba ta taɓa fesa wa kowa mai a ido ba.

Ita ta koya mini cewa tsatsa iri-iri ce kamar mutane, kuma kowace da man da take ji. Jar tsatsa yarinya ce, kananzir da ɗan man giyar mota sun ishe ta. Baƙar tsatsar notin salansa, wadda zafi ya gasa shekara da shekaru, sai an haɗa mata da man birki an kuma ba ta lokaci. Akwai wata fara mai kama da gishiri da ake samu a motocin ɗaukar taki. Wannan sai mai tsinkakke, a ɗiga, a je a sha shayi, a dawo a ƙara ɗigawa. Nakan sunsuni noti kafin in zaɓa masa mai, abin da ya sa ake mini dariya a gareji. Su yi ta yi. Ni dai a ganina noti ba ya ƙin kwancewa, barci yake yi, wataƙila ma yana mafarkin hanyoyin da ya bi. Mai barci kuwa ba a tashinsa da duka. A ɗan ƙwanƙwasa masa guduma kamar mai sallama, sannan Zalɓe ta ba shi abin sha.

Ba zan yi wa matacciya ƙarya ba, tana da nata aibun. Ta ɓata mini aljihu ba adadi, har uwar yarana ta rantse ba za ta ƙara wanke rigar da Zalɓe ta kwana a ciki ba. Akwai kuma notin wata tirela da ya gagare mu, muka yi ta lallashi har muka haƙura aka kira mai walda ya yanke shi. Kan notin yana nan a kwalbar da nake tara irinsu, don jarumi ko abokin gaba ne ana girmama shi.

Ga yadda ciwon ajalinta ya zo. Babban ɗana, wanda gareji ke hannunsa yanzu, ya kawo gwangwanayen feshi na zamani masu ɗan jan tsinke a baki. Ba zan yi wa mai rai ƙazafi ba, suna aiki. Ka fesa, kafin ka gama miƙa noti ya juya. Tun zuwansu yake bi na da magana, wai Baba ka huta, wai gwiwarka, wai idonka, wai me ya rage da ba ka kwance ba a duniyar nan. Ranar da aka kai ni asibiti duba ido, sai ya ga Zalɓe a kan benci, tsatsa da dauɗa sun yi mata bargo. Ya ɗauke ta da kyakkyawar niyya, ya yi mata wanka da feshin nan, ya bi ta da buroshin waya, don a ajiye mini ita a falo a matsayin abin tunawa.

Na dawo na tarar tana ƙyalli kamar amarya. Na zuba mata mai, na danna gindinta. Ba ta ce "ƙwal" ba. Ta ce "fsss", a hankali, kamar mai jin kunya, sai mai ya fara tsattsafowa ta ƙasa kamar daga rariya. Ashe tsatsar nan ce ke riƙe da ita. Ita ta toshe ƙofofin da shekaru suka huda, har da wurin kifin nan. Abokina mai walda ya yi iya ƙoƙarinsa da dalma, amma ƙarfen ya koma kamar ɓawon albasa, duk inda ya taɓa sai ya ɓurme. Muna tsaye a kanta ɗigon ƙarshe ya zuba a benci.

Ta rasu ta bar mazurarin da ake ba ta mai da shi, wanda har yanzu ke rataye baki buɗe. Ta bar sifana wadda lambarta ta goge, da ƙaramar guduma, da dogon bututun da ake zura wa sifana idan lallashi ya ƙare. Ta bar tsumma. Ta bar manyan motoci da dama da ke kan hanya a wannan lokaci, waɗanda ba su san ita ta taɓa ceto su ba. Ta kuma bar ni.

A nan ne nake da magana da iyalina, kuma a fili zan yi ta, tunda a fili aka yi mini. Tun kafin man da ya zuba ya bushe aka zauna aka yanke cewa tunda buta ta tafi, tsoho ma ya koma gida. 'Yata ta kawo kujera mai taushi ta ajiye gaban talabijin. Uwar yarana ta ce ai gwangwani ne kawai, ba uwa ba uba. Ɗana ya ɓoye mini kwalin da nake shimfiɗawa a ƙarƙashin mota, yana zaton ban san inda ake samun kwali ba.

Ɗana, na yafe maka Zalɓe, duniya da lahira. Feshinka bai yi laifi ba, abin da aka sa shi ya yi. Amma kafin mutum ya zaɓi man da zai kwance abu, ya fara tambayar me tsatsar ke riƙe da shi. Kun wanke ta don ta huta a falo, kun ga abin da ya biyo baya. Ni ba za a wanke ni ba. Baƙin da ke ƙarƙashin farcena da ciwon bayan nan da kuke tausaya wa, su ne suka toshe nawa ƙofofin.

Game da jana'iza: mai sayen tsofaffin ƙarafa kada ya wahalar da kansa, ko ya zo ba za a ɗora ta a sikeli ba. An riga an cire wuyanta, mai walda ya dasa shi a kan gwangwanin madara. Gwangwanin bai iya cewa "ƙwal" ba tukuna, wani irin "kwaf" yake yi, amma yaro ne, zai koya. Sauran jikin za a naɗe shi a tsummanta gobe da safe, a binne a gindin katangar gareji, inda ƙasa ta sha mai har tsatsa ba ta iya rayuwa. Ni zan haƙa ramin da kaina.

Za a karɓi gaisuwa a ƙarƙashin tsohuwar tifar da ke kusurwar gareji, wadda notocin sifirinta ke jiƙe da mai tun jiya. Mai zuwa zai ga ƙafafu biyu sun leƙo waje. Ya tsuguna ya yi musu ta'aziyya, ina ji. Zaman makoki zai ci gaba a wurin kullum, daga buɗe gareji zuwa tashi, kuma ba a sa ranar watsewa ba.