Gwabzawar Malam Haladu da Cittar Kachia

Ku gyara zama, ya ku ma'abota tarihi, ku ji labarin Malam Haladu ɗan Jatau, jikan Barmo mai tufkar igiya, tattaɓa-kunnen Ɗanbaba wanda aka ce ya taɓa hango kura daga nesa kuma bai suma ba sai da ya isa gida. Haladu garnaƙaƙi, tsohon mai huda tikiti a tashar jirgin ƙasa, wanda ya shekara talatin da biyu yana huda takarda ba tare da ko ɗaya ta rama ba. Sadaukin bakin tabarma, limamin masu gardama a gindin dalbejiyar Tudun Wadan Zariya, mai rabon shawara ga wanda ya tambaya da wanda ya wuce kawai.

Asalin fitinar kuwa, wani tsohon abokin aikinsa ne ya aiko masa da rabin buhun ɗanyar citta daga Kachia. Matarsa Gwamma, wadda ta shekara arba'in tana dafa masa abinci yana gyara mata da baki, ta ce a wanke, a tsattsaga, a shanya. Haladu ya yi murmushin masana, ya bayyana mata cewa iska ce ke zuƙe ƙarfin citta, saboda haka ya ɗure ta a leda uku, ya ƙulle bakinsu tamau, ya tura ƙarƙashin gado. Bayan mako uku wani wari ya mamaye ɗakin, wanda ko ɓeraye sai da suka yi hijira. Da aka buɗe, kashi biyu cikin uku ya yi funfuna, ya narke ya zama taɓo. Gogan bai girgiza ba. Ya ce dama tankaɗe ya yi, ragwayen sun mutu, jarumawan sun tsira. Ya kwashe waɗanda suka tsira ya baza su a kan kwanon rufi, gunduma-gunduma ba tsagawa, ya bar su kwana arba'in cikin ranar bazara, har suka ƙanƙance suka koma kamar tsakuwar kogi.

Ana nan sai bushara ta zo daga Sabon Gari cewa 'yarsu Hansatu ta sauka, an samu ɗa namiji. Wajibi ne uwa ta aika da yajin jego kafin suna, in ba haka ba dangin miji su samu abin faɗa har yaron ya yi gemu. Gwamma ta tanadi barkono da kanumfari da masoro da daddawa, ta ɗauki kwano za ta kai cittar inji.

"Inji?" in ji Haladu, ya miƙe har gwiwoyinsa suka yi ƙara. "Inji na ragwaye ne! Jikana ba zai sha nonon yajin inji ba. Kawo turmi!"

Da hantsin ranar Talata, ranar da kajin gidan ba za su manta ba, barde ya fito fagen fama. Ya tuɓe babbar riga ya rataye a igiyar shanya, ya tsaya daga shi sai singileti mai huda biyu, ya ƙara tamke mazagin wandonsa, ya gyara zaman hula, ya tofa yawu a tafin hannu, sannan ya rungumi taɓarya, makamin da bai taɓa riƙewa ba tun da uwarsa ta haife shi. Ya juye rundunar citta gaba ɗaya cikin turmi har ta yi tozo.

"Malam, kaɗan-kaɗan ake zubawa," in ji Gwamma daga ƙofar madafa. "Kuma ungo ɗankwali ka ɗaure hancinka."

"Ni Haladu da ɗankwali a fuska? Kauce, mace, yau ranar maza ce!"

Ya ɗaga taɓarya har ta kusa shafar reshen gwaiba, ya sauke ta da ƙarfin shekara sittin da takwas. Abokan gaba suka watse ta fuska huɗu kamar an harba su da gwafa: ɗaya ta kifar da buta, ɗaya ta sami zakara a ƙirji ya haye katanga yana kururuwa, ta uku kuwa, wadda ta fi su ƙeta, ta dawo ta sauka a tsakiyar goshin sadauki. A sara na biyu taɓarya ta goce ta daki bakin turmi, turmin ya tuntsure ya gaisa da babban yatsan ƙafarsa. Ya yi tsalle uku da ƙafa ɗaya, ya ce dabarar yaƙi ce. Ya tsince fursunoninsa daga ƙasa, ya mayar, ya ci gaba da luguden da ya girgiza tukwane, zufa na zuba, kafaɗa na kuka, har Allah ya sa wasu 'yan ƙanana suka fashe.

A nan ne citta ta fito da makamin da ta ɓoye. Wata ƙura mai launin ƙasa-ƙasa ta taso daga cikin turmi ta shige hancin barde kai tsaye. Atishawar farko ta tunɓuke hularsa. Ta biyu ta sa akuyar maƙwabta ta tsinke igiya. Gwamma ta ƙirga har sha tara sannan ta gaji. Hawaye suka rufe masa ido, ya kai hannu ya murje su, ya manta abin da ke hannun.

"Ruwa! Gwamma, ruwa! Sun ci amanata!"

Da lalube ya ja da baya har bakin randa, ya tsoma fuska ciki. Ganimar yaƙin duka, da aka tankaɗe, ba ta cika cokalin shayi ba.

Ihun ne ya jawo Baba Tasalla, maƙwabciyarsu, tsohuwa mai shekara tamanin da haƙori biyu, ta leƙo ta ji ko rasuwa aka yi. Ta dubi turmi, ta dubi Haladu. Ta ja gefen mayafinta ta rufe hanci, ta farfasa cittar da ɗan dutse, ta riƙa zuba tafi ɗaya tana dakawa tana ba Gwamma labarin ciwon ƙafarta. Kafin kiran azahar yaji ya cika kwalba.

"Haka nan, Baba!" Haladu ke faɗa daga tabarma, da jiƙaƙƙen tsumma a ido. "Dama na riga na karya mata lago!"

Washegari ya ƙi yarda kowa ya kai yajin sai shi. Ya sa babbar riga, ya saƙale hannun dama a wuya da tsohon rawani, goshi a kumbure, idanu jajir, yana ɗingishi, ya ratsa Sabon Gari da kwalba a ƙirji kamar mai ɗauke da tutar nasara. Ya zauna gaban 'yarsa ya zayyana mata gwagwarmayar tun daga farko, ya tsallake Baba Tasalla.

Hansatu ta saurara har ƙarshe tana jijjiga jariri.

"Sannu, Baba, Allah ya saka. Sai dai Inna ba ta gaya maka ba? Likita ya hana ni yaji saboda gyambon ciki. Ajiye can bayan ƙofa, kusa da sauran kwalabe huɗun da aka kawo."